Ozzy Osbourne da mutanen da suka ɗaga sunansa

A watan Afrilun 1979 ƙungiyar Black Sabbath ta sallami mawaƙinta. Shaye-shaye ya yi masa yawa har ya gagari abokansa, waɗanda su ma ba baya ba ne a wajen. John Michael Osbourne, wanda duniya ta sani da Ozzy, yana da shekara 30 a lokacin. Ya shige ɗakin otal a Los Angeles ya kulle kansa na tsawon watanni, yana ɗirkar barasa da ƙwaya, da tunanin cewa tasa ta ƙare. Daga wannan ɗaki ne aka fara gina ɗaya daga cikin manyan sunaye a tarihin kiɗan rok mai tsauri, wato kiɗan nan na jitar lantarki mai gurnani da ganguna masu dukan ƙirji.

An haife shi ranar 3 ga Disamba 1948, ya tashi a Aston, unguwar ma'aikatan masana'antu a birnin Birmingham na Ingila. Mahaifinsa Jack maƙerin kayan aiki ne a kamfanin GEC, mahaifiyarsa Lilian tana aiki a masana'antar Lucas. Karatu ya ba shi wuya saboda larurar da ke cakuɗa wa mutum haruffa, ya bar makaranta yana ɗan shekara 15. Ya yi aikin famfo, ya yi aiki a mayanka, sannan ya fasa shago aka kama shi, ya yi makonni shida a gidan yarin Winson Green. A 1968 ya haɗu da Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward, kuma a 1970 kaɗai suka fitar da faifai biyu, Black Sabbath da Paranoid, waɗanda masu tarihin kiɗa da dama ke ɗauka a matsayin tushen abin da ake kira hebi metal.

Abin lura shi ne Ozzy ba makaɗi ba ne. Iommi ke ƙirƙiro sautin jita, Butler ke rubuta yawancin baitocin. Shi nasa murya ce, siririya mai amon kuka, da baiwar ɗora karin waƙa a kan kiɗa mai nauyi ta yadda zai zauna a kunne, da kuma iya riƙe taro. Shi ya sa da aka kore shi mutane da yawa suka ɗauka ba zai kai labari shi kaɗai ba.

Wadda ta ƙi yarda ita ce Sharon Arden, 'yar Don Arden, manajan da ke riƙe da Black Sabbath. Ita ta tashe shi, ta karɓi ragamar harkokinsa, daga baya suka yi aure a 1982. Aka nemo masa wani matashi ɗan Kalifoniya, Randy Rhoads, wanda ke kaɗa jita a ƙungiyar Quiet Riot kuma yana koyarwa a makarantar kiɗa ta mahaifiyarsa. Rhoads ya san kiɗan gargajiyar Turai a rubuce, ya shigo da tsarinsa cikin rok, sai waƙoƙin suka fito da sauri da tsafta da ba a saba ji a bakin Ozzy ba. Aka ƙara da Bob Daisley mai jitar bas da Lee Kerslake mai ganguna. Su huɗun nan suka yi Blizzard of Ozz a 1980, inda "Crazy Train" da "Mr. Crowley" suke, da Diary of a Madman a 1981.

Mai sauraron kiɗan Hausa ba zai yi mamakin abin da ya biyo baya ba: waƙa ta Shata ce a bakin kowa, amma mutum nawa ne za su iya lissafa masu kalangunsa da 'yan amshinsa? Daisley ne ya rubuta mafi yawan baitocin faya-fayan nan biyu. Duk da haka an sallame shi tare da Kerslake kafin na biyun ya fito, aka sa hoton waɗanda suka gaje su a jikin faifan da ba su kaɗa ko sau ɗaya a ciki ba. Da suka kai ƙara kan kuɗin haƙƙinsu, sai a 2002 aka sake fitar da faya-fayan bayan an goge bas ɗin da gangunan, aka sa wasu makaɗan suka maimaita. Kotun Amurka ta kori ƙarar, kuma sai a 2011 aka mayar da asalin kiɗan. A ganina wannan ya fi duk wani abin kunya da jaridu suka yayata a kansa muni, domin goge gumin mutum ne da gangan. Kerslake, da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, ya nemi a ba shi faifan karramawa na cinikin da aka yi. Ozzy ya aika masa a 2019, shekara guda kafin rasuwar Kerslake.

Jaridu kuwa jemage suka fi riƙewa. A Janairun 1982, a Des Moines ta jihar Iowa, wani ya jefo jemage kan dandamali, Ozzy ya gatsa kan jemagen, ya ce ya ɗauka na roba ne, aka bi shi da alluran rigakafin haukan kare. Wata biyu bayan haka, ranar 19 ga Maris, a Leesburg ta Florida, direban motar tawagar ya ɗauki Rhoads da mai yi musu kwalliya a wani ƙaramin jirgi. Fiffiken ya shafi motar da Ozzy ke barci a ciki, jirgin ya faɗa wani gida ya kama da wuta, duka ukun suka mutu. Rhoads yana da shekara 25. Har ƙarshen rayuwarsa Ozzy bai daina ambatonsa ba.

Ya ci gaba da wani makaɗin jita, Jake E. Lee, sannan Zakk Wylde, wanda da shi aka yi No More Tears a 1991. A nan dole a yaba masa: yana da kunnen gane makaɗin da ba a san shi ba tukuna, kuma yana ba shi fili ya nuna kansa. Amma shekarun ba su yi kyau a gida ba. A 1989, cikin maye, ya shaƙe Sharon, 'yan sanda suka tafi da shi, ya ƙare a gidan gyaran hali. Wasu iyaye a Amurka sun maka shi kotu cewa waƙarsa "Suicide Solution" ce ta sa ɗansu ya kashe kansa, kotu ta yi watsi da ƙarar. Sharon ta kafa bikin Ozzfest a 1996, daga 2002 zuwa 2005 kuma tashar MTV ta nuna zaman gidansu, inda wanda ake wa laƙabi da Yariman Duhu ya bayyana a matsayin uba mai rawar jiki da in'ina.

A 2020 ya sanar cewa yana fama da cutar Parkinson mai sa karkarwa, ga kuma tiyatar ƙashin baya da aka yi ta yi masa. An shigar da shi zauren karrama gwanayen rok sau biyu, da Black Sabbath a 2006, shi kaɗai a 2024. Ranar 5 ga Yuli 2025 ya yi wasansa na ƙarshe a filin ƙwallo na Villa Park da ke Aston, a zaune kan wata baƙar kujerar mulki domin ƙafafu sun ƙi, tare da Iommi da Butler da Ward. An ware ribar wasan ga asibitin yara na Birmingham, da gidan jinyar yara na Acorns, da gidauniyar binciken maganin Parkinson. Ya rasu ranar 22 ga watan, yana da shekara 76.