Tarihin Binciken Ganyayen Magani Masu Kashe Bakteriya

Amfani da ganye wajen jinyar miki da gyambo ya girmi sanin bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya iya gani, da dubban shekaru, domin kundin likitancin Masar da ake kira Ebers, wanda aka rubuta wajen shekarar 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗauke da ɗaruruwan magunguna, da yawansu na tsirrai. Sai a ƙarni na 19, bayan masana Louis Pasteur da Robert Koch sun tabbatar da cewa waɗannan halittu ke haddasa cututtuka da dama, aka fara auna ƙarfin ganye a ɗakin gwaje-gwaje.

Fitaccen misali ya fito daga Ostireliya, inda al'ummar Bunjalung ta daɗe tana murza ganyen bishiyar melaluka tana ɗorawa a kan rauni. A shekarun 1920 masanin sinadarai Arthur Penfold ya gwada man da ake tatsa daga ganyen, ya ba da rahoton cewa ƙarfinsa ya ninka na fenol, sinadarin tsabtace rauni na wancan zamani, fiye da sau 10. Gano maganin fenisilin a 1928 da yaɗuwarsa a shekarun 1940 sun dusashe wannan bincike, har sai da bakteriya suka fara bijire wa magungunan asibiti, sannan masana suka sake waiwayar tsirrai.

Ɗaya daga cikin hanyoyin gwajin da suka fi yaɗuwa ta samo asali daga tsarin da aka daidaita a 1966: ana jiƙa garin busasshen ganye a ruwa ko etanol, a tsoma 'yar takarda mai da'ira a cikin tsimin, a ajiye ta kan farantin da aka shuka bakteriya, washegari a auna faɗin filin da suka kasa tsirowa a kewayenta da milimita.

A Afirka ta Yamma, littattafan likita J. M. Dalziel na 1916 da 1937 sun adana sunayen tsirrai na Hausa da amfaninsu, kuma jami'o'in yankin sun gwada ganyen sabara, lalle, zogale da darbejiya ta wannan hanya. Sai dai abin da ya kashe bakteriya a faranti bai zama magani ba tukuna, har sai an tantance gubarsa, an ƙayyade adadinsa, an kuma gwada shi a jikin majinyata.