Daga Bakin Wa Aka Ji? Masu Ba da Labari a Ƙasar Batsari da Safana

Yau zan ɗan ajiye maganar littattafai in taɓo wani abu da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, wato yadda baƙo ke sanin abin da ke cikin rumbun talaka alhali bai taɓa kwana a garinsu ba.

Bayan Turawa sun ci Katsina a 1903, lissafin haraji da jangali ya rataya a wuyan sarakuna, domin Di'o ba zai iya bin gida-gida ba. Shi ya tambayi hakimi, hakimi ya tambayi dagaci, dagaci ya tambayi mai unguwa ko ardo. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya yi malantar haraji a yankin nan namu, kuma yakan ce da an ji masu ƙirga sun taso, rabin garke ya shige dajin Rugu. Ardon da ya faɗi gaskiya duka ya ɓata da danginsa, wanda kuma ya rage da yawa sarautarsa ce a bakin wuta. To, lambar da ta isa Katsina ta wace ce?

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, sai kamfanoni irin su John Holt, daga baya UAC, suka bi wannan sawu. Yaransu na ƙauye su ne idonsu, su ke faɗin yadda damina ta yi. Amma fa wanda za a ba jari gwargwadon abin da ya faɗa, ai ba zai ce gyaɗa ta lalace ba.

Baturiyar nan Polly Hill, da ta yi bincike a Batagarawa a 1967, ita ma da mutanen gari ta dogara wajen kasa magidanta kashi huɗu bisa ƙarfin arzikinsu. Sai dai ita ta zauna, ta bi gonaki ta gwada maganar da abin da ido ya gani.

Ni ban yi wannan haƙurin ba. A 2006 wani kamfanin taki ya ba ni takardun tambayoyi, na je kasuwar Batsari na zauna da shugaban wata ƙungiyar manoma, ya amsa da yawun kowa, na cike na kai. Daga baya na gane gonarsa ya siffanta mini, shi mai shanun huɗa. Wanda ke ƙodago don ya ci, ba a ko ambace shi ba.

Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna cikin jihar Kaduna, amma tsoron mai tambaya bai tafi ba. Tun da 'yan bindiga suka addabi Batsari da Safana, kalmar "infoma" ta koma sunan mai tsegunta wa ɓarayin daji wa ya sayar da sa. Da na koma kwanan baya na tambayi wani dattijo buhu nawa ya samu bana, sai ya dube ni ya ce, "Yaro, wa ya aiko ka?"