Kiɗan Yanka-da-Liƙi: Daga Gangar Coleman Zuwa Lungar Dagomba

A shekarar 1969 wata ƙungiyar mawaƙa ta birnin Washintan na Amurka mai suna The Winstons ta fitar da faifan garmaho. A bayan faifan akwai wani kiɗa mai suna "Amen, Brother", wanda ba a damu da shi ba a lokacin. Ana cikin kiɗan sai sauran kayan busa da garaya suka yi shiru, aka bar mai ganga, Gregory Coleman, shi kaɗai na tsawon daƙiƙa shida zuwa bakwai. Wannan ɗan gutsure shi ne ya zama iri na wani nau'in kiɗan na'ura mai gudun tsiya da kaushin sauti, wanda Turawa ke kira breakcore, mu kuma za mu iya ce masa kiɗan yanka-da-liƙi.

Yadda ake yin sa babu wuyar fahimta. Makaɗin ba ya taɓa fata ko tsirkiya. Zai ɗauko sautin da wani ya riga ya ɗauka, ya datsa shi gunduwa-gunduwa a na'ura, ya sauya jerin gutsattsarin, ya ƙara musu sauri, ya liƙa. A 1986 aka sa kiɗan Coleman cikin wani tarin fayafayi da aka shirya wa masu juya faifai, 'yan hip-hop suka yi caa a kansa. Ƙungiyar N.W.A ta yi amfani da shi a 1988. Farkon shekarun 1990 'ya'yan baƙin Jamaika da abokansu a Landan suka hanzarta shi zuwa bugu 160 ko fiye a minti ɗaya, suka haifar da kiɗan jangul.

Kaushin kuwa daga Jamus ya fi fitowa. Bayan rushewar katangar Barlin a 1989, masu ƙyamar baƙi suka riƙa kai hare-hare a gidajen 'yan gudun hijira. A 1992 Alec Empire da abokansa suka kafa Atari Teenage Riot don su yi wa wannan aƙida raddi, a 1994 kuma ya buɗe kamfanin Digital Hardcore Recordings. Da gangan suke ƙure sauti har ya fashe, domin kiɗan fushi ne, ba a yi shi don nishaɗin masu hali ba. Daga baya wani ɗan Kanada, Aaron Funk, da ake kira Venetian Snares, ya haɗa irin wannan ganga da gutsattsarin kiɗan gogen Turawa a faifansa na 2005.

Mai karatu zai iya cewa wannan haukan Turai ne, ina ruwanmu. To, ba haka abin yake ba. A Yamai, tun 1978 Mamman Sani ya ɗauki kaset na kiɗan fiyanon lantarki a gidan rediyon ƙasa, Nijar ta shafe shekaru tana jin sa tsakanin shirye-shirye, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Nasa kiɗan mai sanyi ne, amma ya nuna cewa na'ura na iya ɗaukar karin waƙoƙin gida. A Kano, ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya shiga situdiyon masu finafinai, mutum ɗaya ya riƙa fitar da amon kalangu da sarewa da yatsunsa, kiɗan nanaye ya kafu. Makaɗan gargajiya da yawa a nan suka fara rasa gayyar biki.

Gudun da ya fi na Barlin a Afirka aka yi shi. A unguwannin talakawa na Darussalam a Tanzaniya, irin su Tandale da Manzese, samari suka riƙa yanko gutsattsarin kiɗan taarab suna hanzarta su a tsohuwar kwamfuta har bugu 200 zuwa 300 a minti. Shi ne singeli. Kamfanin Nyege Nyege na Kamfala ya fitar da tarinsa a 2017, duniya ta juyo. A Bamako kuma akwai balani, inda aka mai da sautin balafon cikin na'ura don shagalin titi, DJ Diaki ya kai shi ƙurewar sauri a faifansa na 2020. Waɗannan ba kwaikwayon Jamus suka yi ba. Buƙatar biki ce da tsadar ɗaukar makaɗa suka kai su can.

A nan Tamale ma kayan aikin sun iso. Manhajar FL Studio, wadda aka fara sani da suna FruityLoops, ta sa ɗaki ɗaya da kwamfuta da lasifika sun isa situdiyo, daga Zango har Vittin. Fancy Gadam, haifaffen Hausa Zongo, ya cika filin wasa na Tamale a 2016, ya kuma ci kyautar waƙar shekara ta Gana a 2018. Matasan da ke bayansa suna neman abin da zai bambanta su da Ankara da Legas, kuma abin yana kusa: lunga, gungon, goge, da kiɗan simpa da ya taso a Dagbon tun shekarun 1930.

A nan ne tarihin yake da gargaɗi. An yi amfani da gangar Coleman a dubban waƙoƙi, amma bai samu ko kwabo ba. Ya rasu a 2006 a Atlanta ba shi da matsuguni. Sai a 2015 wasu masoya kiɗa a Ingila suka tara fam 24,000 suka bai wa shugaban ƙungiyar, Richard Spencer. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Namu ma ya fi nasu nauyi, don lunga magana take yi. Lunsi su ne ma'ajiyar tarihin Dagbon, da ganga suke ambaton sarakuna da kirarinsu, kamar yadda tambari yake na sarki, kalangu na mahauta a ƙasar Hausa. Wanda ya datse bugun lunga ya juya shi, kalma ya datse, wataƙila sunan kakan wani. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005 ta ɗora kulawar kayan gargajiya a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, ƙarƙashin hukumar al'adun gargajiya. Ita kanta hukumar ta samu ƙafa ne da kuɗin da Paul Simon ya biya bayan ya ari karin "Yaa Amponsah" a faifansa na 1990. Sai dai doka tana Ankara, mai lunga yana Yandi.

Saboda haka gyaran yana hannun masu situdiyo da mu masu sa waƙa a rediyo. Kafin a ɗauki bugun dattijo, a tambaye shi abin da gangar ke faɗa, a yi ciniki a rubuce, a sa sunansa a jikin waƙar, mai gabatarwa kuma ya ambace shi. Gudun kiɗa ba laifi ba ne, aro ma tsohon abu ne a wurin makaɗa. Abin da ba a so shi ne nan da shekara hamsin a riƙa rawa da bugun Tamale a Barlin, jikokin mai bugun ba su ma san an ɗauka ba.