Riɗi, sesame, benniseed: ƙwaya ɗaya, suna uku

Yau kicin za mu shiga, amma ba girki za mu yi ba. Kalma ɗaya na ɗauko, wadda kuke gani a bidiyon girke-girke da jikin kwalbar mai: sesame. Wato riɗi. Eh, riɗin nan dai da ake nomawa a Gagarawa da Sule Tankarkar, ake lodawa a kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis.

To, daga ina Turawa suka samo kalmar? Aro suka yi. Ingilishi ya karɓa daga Latin, Latin ya karɓa daga Girkanci, su kuma Girkawa sun ji ta ne a bakin 'yan kasuwar gabas. In ka bi sawunta za ka tsinci kanka a Iraƙi ta dā, inda mutanen Babila ke cewa shamashshammu. Masana da yawa na fassara shi da "man tsiro". Larabawa na cewa simsim, kun ji kamar da ke tsakaninsu. A Indiya ma haka abin yake: sunan riɗi til, kuma daga shi aka samo tel, wato mai. Kenan tun fil azal, in an ambaci riɗi, mai ake nufi. An ma tono ƙonannun ƙwayoyinsa a Harappa, cikin Pakistan ta yau, waɗanda suka haura shekara 4,000.

Akwai inda kalmar ta ƙara yin suna: labarin Ali Baba da ɓarayi arba'in, inda sunan riɗi ne ke buɗe ƙofar kogon dukiya. Wani Bafaranshe, Antoine Galland, ya ji labarin a 1709 daga bakin Hanna Diyab, mutumin Halab ta Siriya, ya saka shi cikin fassararsa ta Dare Dubu da Ɗaya. Me ya sa riɗi, ba gero ko alkama ba? Bayanin da aka fi yi, manomin ƙasar Gumel ba ya buƙatar a koya masa. In riɗi ya nuna, kwansonsa da kansa yake tsagewa ya zubar da 'ya'ya. Shi ya sa ake yanke shi kafin ya bushe sarai, a ɗaure dami-dami, a jingine a tsaye, sai ya sha rana a kifa a kaɗe. Ka yi sakaci na 'yan kwanaki, tururuwa da tsuntsaye ka yi wa noma.

Suna na biyu shi ne ya fi taɓa ni. A Turancin Najeriya ana cewa benniseed. Wasu na zaton daga Binuwai aka samo shi, saboda Tibi sun shahara da nomansa zamanin Turawan mulkin mallaka. Amma asalinsa bene ne, sunan riɗi a harsunan Wolof da Mandinka, can yankin Senegal da Gambiya. Kalmar ta tsallaka teku tare da mutanen da aka kama aka sayar bayi. An raba su da gida da dangi, amma sunan abincinsu bai bar bakinsu ba. Har gobe a birnin Charleston na Amurka ana toya wani ɗan biskit mai suna benne wafer. In ka gan shi, kantun riɗi zai faɗo maka a rai.

Yanzu mu dawo gida. Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma riɗi a Najeriya, kuma mafi yawansa ɗanye yake fita, buhu-buhu, zuwa ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya. A can ake tace shi, a matse mai, a zuba a kwalba, a liƙa masa suna. Kun lura? Duk wanda ya sarrafa kaya ya kai kasuwa, sunan da ya raɗa shi ke bin kayan. Mu da ke shan rana a gona, namu sunan a bakin buhu yake tsayawa.

Saboda haka matasan Gumel da Maigatari da ke tunanin sana'a, ga man riɗi, ga kantu, ga injin tacewa. In kun shirya kayanku, ku rubuta RIƊI ɓaro-ɓaro a jiki, mai saye ya koyi faɗa.

Ku faɗa mana kalmar da kuke so mu bi sawunta a shiri na gaba. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.