BABI NA UKU: GASAR KOFIN HUKUMAR ƘWALLON ƘAFA TA INGILA A HANNUN 'YAN WASAN SA-KAI, 1871–1885

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila a birnin Landan ranar 26 ga Oktoba, 1863, da kuma yadda ta tsara dokokin wasan. A wannan babi kuwa za a dubi gasar cin kofi da hukumar ta ƙirƙiro a shekarar 1871, wadda ita ce gasar ƙwallon ƙafa mafi daɗewa da har yanzu ake bugawa a duniya. Za a taƙaita nazarin a kan shekaru goma sha huɗu na farko, wato zamanin da gasar ke hannun 'yan wasan sa-kai. Abin da ake nufi da ɗan wasan sa-kai a wannan aiki shi ne mutumin da ke buga ƙwallo domin sha'awa, yana da wata sana'a ko dukiyar da yake ci da ita, kuma ba ya karɓar lada a kan wasan da ya yi.

Tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: ta yaya gasar da 'ya'yan masu hali suka kafa domin nishaɗin kansu ta zama ita ce ƙofar da kuɗi ya bi ya shigo cikin wasan, har aka raba su da kofin? Domin amsa wannan tambaya, za a fara da gasannin da suka riga ta, sannan a zo kan kafuwarta da yadda aka buga ta farko, daga nan a bi sawun yadda ƙungiyoyin ma'aikatan arewacin Ingila suka karɓe ta.

3.1 Gasannin da Suka Gabace Ta

Kafin shekarar 1867 ƙungiyoyin ƙwallo wasan sada zumunta kawai suke yi. Sakataren wannan ƙungiya ya rubuta wa sakataren waccan takarda, a tsayar da rana, a yi wasa, kowa ya kama gabansa. Ba a Landan aka fara gasar cin kofi ba. A Sheffield aka fara ta, garin maƙera da ke arewacin Ingila, wanda yake da ƙungiyar ƙwallo tun 1857 kuma yake da dokokin wasa nasa na kansa.

A shekarar 1867 wani mai gidan wasan kwaikwayo a garin, Thomas Youdan, ya ba da kofi domin ƙungiyoyi 12 su yi takara a kansa. An yi wasan ƙarshe a filin Bramall Lane ranar 5 ga Maris, 1867, tsakanin Hallam da Norfolk, a gaban 'yan kallo kimanin 3,000. Babu wanda ya jefa ƙwallo a gidan wani, amma Hallam ta yi nasara da wani ƙaramin ci da dokokin Sheffield suka tanada, wanda ake kira ruj, ana kuma lissafa shi ne idan an yi kunnen doki. Hallam ta sami ruj biyu, Norfolk ba ta sami ko ɗaya ba. Da shekara ta zagayo, wato 1868, aka sake yin wata gasa ta ƙungiyoyi huɗu a kan Kofin Cromwell, inda ƙungiyar Wednesday ta doke Garrick da ci ɗaya da nema.

Abin lura a nan shi ne, kowace daga cikin waɗannan gasanni biyu sau ɗaya aka yi ta, kuma ba su wuce ƙungiyoyin gari ɗaya ba. Duk da haka sun nuna wani abu da zai yi tasiri daga baya, wato jama'a za su fitar da kuɗinsu su shiga fili matuƙar sun san akwai kofi a gaba kuma wanda aka ci ya fita ke nan.

3.2 Kafuwar Gasar

Ranar 20 ga Yuli, 1871, a wani zama da kwamitin hukumar ya yi a ofishin jaridar The Sportsman da ke Landan, sakataren hukumar Charles Alcock ya kawo shawarar a samar da kofin da za a gayyaci dukkan ƙungiyoyin da ke cikin hukumar su yi takara a kansa. Alcock tsohon ɗalibin makarantar Harrow ne, kuma a can ya saba ganin gidajen kwanan ɗalibai suna karawa da juna bisa tsarin sili-ɗaya-ƙwale har a fitar da zakara. Wannan tsari ne aka ɗauko. An sayi kofin azurfa a kan fam 20.

Ƙungiyoyi 15 ne suka ba da sunayensu. Idan aka dubi jerin sunayen za a fahimci irin mutanen da aka shirya gasar dominsu. Akwai Wanderers, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban manyan makarantun kwana na masu hali. Akwai Royal Engineers, ƙungiyar hafsoshin soja injiniyoyi da ke Chatham. Akwai ƙungiyar ma'aikatan gwamnati. Yawancinsu daga Landan da kewayenta suke. Waɗanda suka fito daga nesa su ne makarantar Donington da ke Lincolnshire da kuma Queen's Park ta birnin Glasgow a ƙasar Sikotilan. Waɗannan mutane lauyoyi ne da hafsoshi da ma'aikatan banki da 'ya'yan attajirai, waɗanda rasa aikin yini ɗaya ko biyan kuɗin jirgin ƙasa ba ya girgiza su.

3.3 Gasar Farko, 1871–1872

An fara wasanni ranar 11 ga Nuwamba, 1871. Tun daga zagayen farko raunin tsarin sa-kai ya bayyana, domin wasu ƙungiyoyi sun janye ba tare da sun taɓa ƙwallo ba, cikinsu har da makarantar Donington. Haka kuma dokar gasar ta ba kwamiti damar barin ƙungiyoyi biyu su wuce gaba tare idan sun yi canjaras. Ta haka ne Wanderers ta kai wasan ƙarshe alhali wasa ɗaya tak ta ci a fili, wato wanda ta doke Clapham Rovers.

Labarin Queen's Park ya fi kowane nuna matsalar. Saboda nisan Glasgow da janyewar abokan karawarta, ta kai wasan kusa da na ƙarshe ba tare da ta buga ko wasa ɗaya ba. Da taimakon gudummawar jama'a 'yan wasanta suka zo Landan, suka tashi babu ci da Wanderers. Da aka ce a sake wasan, sai ya kasance ba su da kuɗin dawowa karo na biyu, dole suka janye. Wato tun a shekarar farko an ga cewa aljihu na iya fitar da ƙungiya daga gasa ko da ba a ci ta a fili ba.

An yi wasan ƙarshe ranar 16 ga Maris, 1872, a filin Kennington Oval, tsakanin Wanderers da Royal Engineers. 'Yan kallo kimanin 2,000 ne suka halarta, kowa ya biya sule ɗaya, wanda kuɗi ne mai nauyi ga lebura a wancan zamani. A lokacin babu raga, babu sandar sama sai zare da ake ɗaurewa tsakanin turaku biyu, babu bugun daga-kai-sai-mai-tsaron-gida, ba a kuma canza ɗan wasa. Saboda haka da Laftanar Edmund Creswell na sojoji ya karye a ƙashin wuya tun farkon wasa, haka ya daure ya ci gaba da zama a fili. Bayan kamar minti 15 Morton Betts ya ci wa Wanderers ƙwallo ɗaya, kuma a haka aka tashi. Alcock, wanda ya kawo shawarar gasar, shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar da ta fara cinye ta.

3.4 Shekarun Rinjayen Masu Hali

Daga 1872 zuwa 1882 kofin bai bar hannun wannan rukuni na jama'a ba. Wanderers ta ci sau biyar, a 1872 da 1873 da 1876 da 1877 da 1878. Jami'ar Oxford ta ci a 1874, Royal Engineers a 1875, Clapham Rovers a 1880, tsofaffin ɗaliban Charterhouse a 1881, su kuma tsofaffin ɗaliban Eton suka ci a 1879 da 1882. Fitaccen ɗan wasan wannan zamani shi ne Arthur Kinnaird, ɗan gidan sarauta kuma ma'aikacin banki, wanda ya buga wasan ƙarshe sau tara ya ci biyar, daga baya kuma ya shugabanci hukumar.

Amma a daidai wannan lokaci wasan yana yaɗuwa a garuruwan masaƙu na Lancashire. Dokar masana'antu ta 1850 ta sa ana tashi daga aiki a masaƙu da ƙarfe biyu na ranar Asabar, jiragen ƙasa kuma sun haɗa garuruwa. Ta haka ma'aikata suka sami lokacin wasa da na kallo. A wurinsu kofin ya zama abin alfaharin gari, domin sunan garin ne ke tashi ko ya faɗi.

A shekarar 1879 ƙungiyar Darwen, ta wani ƙaramin garin masaƙa, ta haɗu da tsofaffin ɗaliban Eton a zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Ana cin Darwen 5 da 1, sai ta farke duka aka tashi 5 da 5. Aka sake wasa aka tashi 2 da 2. Sai a karo na uku aka doke ta da ci 6 da 2. Dukkan wasannin uku a Landan aka yi su, kuma da karo-karon mutanen gari 'yan wasan suka riƙa zuwa, suna barin aikinsu. A cikin ƙungiyar akwai 'yan Sikotilan biyu, Fergus Suter da James Love, waɗanda ake lissafa su cikin mutanen farko da aka biya domin su buga ƙwallo, ko da yake a ɓoye ake yin haka.

3.5 Yadda Kofin Ya Koma Arewa

A 1882 Blackburn Rovers ta kai wasan ƙarshe, tsofaffin ɗaliban Eton suka doke ta da ci ɗaya da nema. Wannan shi ne karo na ƙarshe da ƙungiyar 'yan sa-kai ta masu hali ta ɗauki kofin. Ranar 31 ga Maris, 1883, wata ƙungiyar garin, Blackburn Olympic, ta fuskanci 'yan Eton ɗin a Kennington Oval. A cikin 'yan wasanta akwai masaƙa da ma'aikacin maƙera da mai gyaran famfo. Kafin wasannin ƙarshe an kai su garin Blackpool da ke bakin teku domin su yi atisaye na musamman, da tallafin wani mai masana'antar ƙarfe, Sydney Yates. Wannan abu ya tayar da tambaya a kudu: wa ke biyan ladan ma'aikacin da ya bar aiki kwana da kwanaki yana atisaye? 'Yan Eton ne suka fara ci, Olympic ta rama, sannan a ƙarin lokaci Jimmy Costley ya ci ta biyu, aka tashi 2 da 1.

Rikicin ya fito fili a watan Janairun 1884, lokacin da Preston North End ta yi kunnen doki da Upton Park ta Landan. Upton Park ta kai ƙara cewa Preston tana biyan 'yan wasanta. Shugaban Preston, William Sudell, bai musa ba, aka kori ƙungiyarsa daga gasar. Ganin haka sai ƙungiyoyin arewa suka haɗa kai a ƙarshen shekarar suka yi barazanar ɓallewa su kafa tasu hukumar. A watan Yulin 1885 hukumar ta sauko, ta halatta biyan 'yan wasa, bisa sharaɗin cewa wanda zai buga gasar kofi ya kasance an haife shi ko ya zauna shekara biyu cikin mil shida daga filin ƙungiyarsa. Ƙungiyar sa-kai ta ƙarshe da ta kai wasan ƙarshe ita ce Queen's Park, a 1884 da 1885, kuma duka biyun Blackburn Rovers ce ta doke ta.

Idan aka yi la'akari da abubuwan da suka gabata, za a iya fitar da dalilai uku da suka kawo wannan sauyi, kuma dukkansu daga cikin gasar suka tsiro. Na farko, tsarin sili-ɗaya-ƙwale ya sa faɗuwa ta yi tsada, domin wanda aka ci sau ɗaya sai baɗi, don haka kowace ƙungiya ta shiga neman gwanaye ko daga ina suke. Na biyu, gasa ce ta ƙasa baki ɗaya, mai buƙatar tafiya da barin aiki, abin da mai hali zai iya ɗauka amma ma'aikacin masaƙa ba zai iya ba sai an mayar masa da abin da ya rasa. Na uku, wasannin kofi sun jawo 'yan kallo masu biyan kuɗin ƙofa, wanda da shi ne ƙungiyoyi suka sami abin biyan 'yan wasa. Saboda haka ƙa'idar sa-kai, wadda a baki ta shafi kowa daidai, a aikace ta fi yi wa mai dukiya daɗi.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda gasar cin kofi ta faro daga Sheffield a 1867, ta zama ta ƙasa a 1871, ta zauna a hannun tsofaffin ɗaliban manyan makarantu da hafsoshi har 1882, sannan ta koma hannun ƙungiyoyin garuruwan masana'antu. Su ma waɗanda suka buɗe ƙofar ba duka suka ci moriyarta ba, domin Blackburn Olympic ta kasa gogayya da maƙwabciyarta wajen biyan albashi, ta rushe a 1889. Su kuwa 'yan sa-kai sai da hukumar ta ware musu kofi nasu na dabam a kakar 1893–1894, wanda tsofaffin ɗaliban Charterhouse suka fara ci, aka kuma ci gaba da yin sa har 1974 lokacin da hukumar ta soke bambanci tsakanin mai karɓar lada da wanda ba ya karɓa. Ita kanta Queen's Park ta riƙe aƙidar sa-kai har shekarar 2019.

Wannan tsari na kofin sili-ɗaya-ƙwale shi ne Turawan mulkin mallaka suka yaɗa a ƙasashen da suka mulka. A Nijeriya an fara Kofin Gwamna a Legas a 1945, kuma ƙungiyar Kano ta ɗauke shi a 1953. Babi na gaba zai dubi yadda halatta biyan 'yan wasa ya haifar da gasar rukuni ta ƙungiyoyi 12 a shekarar 1888, da irin tasirin da hakan ya yi a kan martabar gasar kofi.