Bishof-bishof ɗin Katolika a tarihin Daura da Katsina

Daura ba ta taɓa zama mazaunin bishof na ɗarikar Katolika ba. Kiristocin masarautar kaɗan ne, yawancinsu 'yan kasuwa ne da ma'aikata da suka zo daga wasu sassan Najeriya. Duk da haka, tun 1953 ƙasar Daura take cikin yankin da wani shugaban cocin ke kula da shi, da farko daga Sakkwato, yanzu kuma daga Katsina. Mutum biyar suka riƙe wannan jagoranci, kuma asalin kowannensu ya nuna yadda cocin ya sauya a ƙasar Hausa.

Tun 1711 wasu limaman Katolika biyu da suka taso daga Tarabulus suka iso Katsina, suka rasu a can ba su kafa komai ba. A zamanin Turawa ma, gwamnati ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi. Sai a 1953 fadar Fafaroma ta yanko yankin Sakkwato daga Kaduna, haɗe da lardin Katsina, ta damƙa shi ga limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka.

Edward Lawton ne ya fara shugabanci a 1954, ya zama bishof a 1964 da aka ɗaga yankin zuwa cikakkiyar dayosis. Bai daɗe ba. Rikicin 1966 ya sa 'yan ƙabilar Ibo, waɗanda su ne mafi yawan mabiyansa, suka koma gida, coci-coci suka zama wayam, shi kuma ya rasu a watan Disamba na shekarar.

Michael Dempsey, shi ma Ba'amurke, ya gaje shi a 1967. A zamaninsa aka ƙara mayar da hankali ga Maguzawan kudancin Katsina, wajen Malumfashi da Funtuwa, ana wa'azi da ibada da Hausa, ana horar da katikis daga cikin 'yan ƙasa. A 1984 ya miƙa ragama ga Kevin Aje, ɗan Filato, ɗan Najeriya na farko a kujerar, wanda ya shekara fiye da 26 a kanta.

Magajinsa, Matthew Hassan Kukah, an haife shi a 1952 a ƙasar Zangon Kataf, aka naɗa shi a 2011. Sunansa ya wuce bangon coci. Ya yi aiki a kwamitin Oputa da ya binciki take haƙƙin ɗan Adam, kuma yana cikin kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ya sa Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari, ɗan Daura, suka sa hannu kan yarjejeniyar zaɓen 2015. Daga baya ya soki gwamnatin Buhari kan rashin tsaro da rabon muƙamai, musamman a saƙonsa na Kirsimetin 2020, abin da ya jawo masa martani mai zafi a Arewa.

Ranar 16 ga Oktoba 2023, Fafaroma Francis ya kafa dayosis ɗin Katsina, Daura ta shiga cikinta. Bishof na farko shi ne Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi a 1971, wanda ya zama fada a 1996. Ya yi karatun sadarwa a Roma da Ostareliya, ya koyar a Fatakwal. Da aka naɗa shi a Katsina ranar 12 ga Disamba 2023, ya zama Bahaushe na farko da ya kai matsayin bishof a cocin Katolika. Ya karɓi aiki a lokacin da 'yan bindiga ke addabar ƙauyukan kudancin jihar, inda mafi yawan mabiyansa suke noma tare da maƙwabtansu Musulmi.