Dawaki Biyu: motar da aka ƙera domin manomi

A tsakiyar shekarun 1930, Pierre Boulanger na kamfanin Citroën a Faransa ya ɗora wa injiniyoyinsa aiki mai wuya: su ƙera motar da talakan ƙauye zai iya mallaka. Ta ɗauki manomi da kilo 50 na dankali, ta sha lita 3 ta mai a kilomita 100, ta ratsa gona da kwandon ƙwai ba tare da ko ɗaya ya fashe ba.

Yaƙin duniya na biyu ya jinkirta aikin, sai a 1948 aka baje ta a Paris da sunan 2CV, wato dawaki biyu. Masu kallo suka yi mata dariya, amma masu saye suka yi shekaru suna jiran tasu. Iska ke sanyaya injinta, ba ruwa ba, kuma da ƴan sifanoni mai ita yake kwance ta ya ɗaure. An riƙa ƙara mata ƙarfi sannu a hankali: daga cc 375 zuwa 425 a 1954, sannan 602 a 1970.

Nijar ma ta san ta. A 1973 ayarin waɗannan motoci ya ratsa Tenere daga Abijan zuwa Tunis. A fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet na Jean Rouch, Damure Zika da Lam Ibrahim Dia, wata tsohuwar 2CV ce ke kai ƴan fataucin kaji ƙauyuka, har aka wargaza ta aka haye kogin Isa da ita.

An daina ƙera ta a 1990. Har ƙarshe darajarta ba ta sauya ba: mai ita ne makanikenta.